Sunan da Karis Ya Raɗa wa Yayata

Duk wanda ya zauna da Malam Sule Karis ya san hancinsa kafin ya san bakinsa. In ya zo gidanka sai ya ja ya tsaya a bakin zaure, ya ɗaga kai yana shaƙar iska, sannan ya yi sallama. In kuka ji sallamar ta yi jinkiri, to ku tashi ku leƙa madafa, ya jiyo wani abu. A aljihun rigarsa ba a rasa 'yar gorar ruwan sabulu da tsohon buroshin haƙori, da su yake shafe bakin tukunyar gas ɗin mutane ba tare da kowa ya roƙe shi ba, ya durƙusa yana jiran ya ga ko kumfa za ta taso. Na sha ganin ana suna, jama'a sun yi tsit suna jiran liman ya faɗi sunan yaro, shi kuwa yana can cikin mata a durƙushe gaban murhu, ya ba taro baya.

Ku da kuka tsufa tare da shi a Kilomita Biyar ta nan Bangi ba sai na gaya muku inda ya samo Karis ba, amma saboda yaran da suka taso yanzu bari in faɗa. Karis shi ne mai tuƙa shariyo, 'yar guntuwar motar nan mai yatsu biyu na ƙarfe a gaba, wadda take zura su ƙarƙashin kaya ta ɗaga sama. Tasa da gas take aiki, tukunyar tana kwance a bayan kujera, kuma ya tuƙa ta a magazan, wato babban ɗakin ajiyar kaya na Alhaji da ke bakin Titin Koudoukou, tun ina saurayi har ƙafa ta ce masa ya isa haka. Ni kuwa Audu ne mai atamfa, ƙanin matarsa. Akwai wasa tsakaninmu, don haka kada wani ya ce na taɓa mamaci. Ya tsokane ni son ransa yana da rai, yau kuma rana tawa ce.

Amma zan fara da abin da ya tsaya min a rai bayan rasuwarsa. Ranar da muka kai shi, liman ya roƙi jama'a su yafe masa, kowa ya ce ya yafe. Da muka dawo unguwarsu ta Yakité na shiga wurin Yaya Hauwa, matarsa, na tarar da ita zaune a kan tabarma da carbi a hannu. Na yi mata gaisuwa, na ce to Yaya, sai a yafe masa.

«Na yafe masa komai, Audu,» in ji ta, «sai abu ɗaya.»

Ba sai ta faɗa ba, na san abin. Sunan Yaya ɗaya da na mahaifiyar Sule, don haka tun da aka kawo ta gidansa bakinsa bai taɓa iya furta shi ba. Wani namijin sai ya ce Uwargida, ko ya jira haihuwa ya ce Maman wance. Shi da ya tashi sai ya raɗa mata Kontirfuwa. Yaya kuwa, kun san ta, Allah ya yi ta da jiki, in ta zauna a benci sai wanda ke ɗaya gefen ya riƙe da kyau. Faransancinta na asibiti ne, kuma a can ta san kalmar fuwa, don ita ma'aikaciya take faɗa da ƙarfi duk lokacin da aka hau da ita kan sikeli. Daga ranar farko ta yanke hukunci cewa mijinta shelar nauyinta yake yi wa duniya. Mu ma haka muka ɗauka, don namu Faransancin bai wuce na ciniki ba. Ta tambaye shi ma'anar sunan ya fi a ƙirga, amsarsa ɗaya ce, ta zo magazan ta gani da idonta. Ita kuma ta rantse ƙafarta ba za ta taka wurin da ake warin gas mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai ba. Shi ya kafe, ita ta kafe, aka haifi 'ya'ya, aka aurar, aka samu jikoki, ba wanda ya matsa. Mukan yi dariyar abin, amma ranar nan ban yi ba. Mutum yana kwance a kabari, matarsa tana riƙe da shi a zuciya, wannan ba abin wasa ba ne.

Kafin in gaya muku yadda aka ƙare, sai kun tuna irin mutumin da muke magana a kai.

Sule bai yi boko ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma ban taɓa ganin mai son sanin asalin abu kamarsa ba. Direbobin manyan motoci da ke zuwa daga Duwala sun san shi, don kafin ya sauke musu kaya sai ya sauke musu tambayoyi: wace irin shariyo suka gani a tashar jirgin ruwa, da me take aiki, ina ake ɗaure mata tukunya. Da jikoki suka samu waya mai hoto kuwa suka shiga uku, don in ya kama yaro sai batir ya mutu. Da haka ya harhaɗa wa motarsa salsala kamar ta 'yan gidan sarauta, kuma yakan karanto mana ita a benci gaban shagona ko mun so ko mun ƙi.

A faɗarsa, kakanta na farko wuyan ɗan dako ne. Ɗan dako ya haifi amalanken turawa, irin pus-pus ɗinmu na nan. Can a manyan masana'antun Turawa wani ya gaji da turi ya sa wa amalanke batir, wani kuma ya sa masa injin fetur, amma duk jan kaya suke yi a ƙasa, ba mai ɗagawa. Sai aka samu wanda ya sa ta ɗaga kaya kamar taƙi ɗaya, daga nan aka yi mata yatsu, aka yi mata dogon ƙarfen nan mai sarƙa da yatsun ke hawa. Aka kuma ƙirƙiro falet, katakon da ake jera buhuna a kai mai kafofi a ƙasa, wanda Sule ke cewa shi ne mijinta, don in babu shi yatsun ba su da wurin shiga. Lokacin babban yaƙin duniya maza suka tafi fagen fama, kaya suka yi yawa, masu ɗauka suka yi kaɗan, sai ta bazu ko'ina. Bayan yaƙi fili ya yi tsada, ɗakunan ajiya suka daina faɗi suka koma tsawo, ita ma ta ƙara wuya. Saura matsala ɗaya, hayaƙi. Mai gazuwal, wato man dizal, in ta yi aiki a rufaffen ɗaki, hayaƙin yana shiga ƙirjin mutane, yana shiga fulawa da sukari. Nan ne, in ji shi, aka kawo gas, kuma in ya zo wannan gaɓar yakan gyara zama ya gyara hula, kai ka ce da shi aka yi shawarar.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne wari. Wani makanike ya taɓa gaya masa cewa gas ba shi da wari ko kaɗan, mutane ne suka zuba masa da gangan don in ya tsiyaya a ji. Sule ya yi kwanaki yana juya maganar. Wane ne wannan mutumin? Yaya aka yi ya zauna ya zaɓi wari mafi muni, ya ce wannan ne zai ceci rayuka? Ya gwada wasu warin ne kafin ya tsaya a kan wannan? Matarsa ta bar shi ya shiga ɗaki a ranar? Har malami ya tare bayan karatu a Masallacin Koudoukou, ya tambaye shi ko mutumin yana da lada. Malamin ya ce Allah ba ya tauye wa kowa aikinsa. Sule ya dawo yana murna kamar ɗan'uwansa aka yi wa bushara.

Wata rana aka samu wani baƙo, Alhaji Laminu, sabon zuwa daga Maraɗi da kayan masarufi. Ya zauna a bencinmu, ya ji ana zancen shariyo, sai ya ce ai mai gas ta zama tsohon yayi, shi ya ga ta lantarki a ƙasar waje, ba ƙara ba hayaƙi. Na ce a raina yau za a yi ta. Ashe ban gama sanin mijin yayata ba. Maimakon ya yi fushi sai ya jawo kujera har gwiwarsu tana haɗuwa, ya fara. Batirin nawa ne nauyinsa? A ina yake zama, ƙarƙashin kujera ko a baya? In ya ƙare, sauya shi ake yi kamar tukunya ko jira ake yi? In ruwan sama ya taɓa ta fa? Tun bayan la'asar ake abu ɗaya har rana ta yi ja. Bawan Allahn nan wucewa kawai ya ga motar ta yi, bai ko taɓa ta ba, sai share gumi yake yana duban hanya. Can Sule ya ce:

«To, Alhaji, in aka ɗauke wuta fa?»

«Ai can ba a ɗaukewa.»

Sule ya zaro ido.

«To ai wannan ne labarin, Alhaji. Ka bar zancen mota, ba mu wannan.»

Tun daga ranar, in Alhaji Laminu ya hango shi tafe sai ya tsallaka titi, ko da 'yan taksi-moto za su kwashe shi.

Tsimi kuwa, ba a magana. Sule ba ya barin inji yana aiki a banza. In ka gaishe shi yana kan shariyo, sai ya kashe ta ya amsa, sannan ya tayar. Da tafiya ta yi tafiya abin ya tashi daga kan mota ya koma kan mutane. Duk wanda ya cika dogon bayani sai ka ji daga gefe an ce, «Kashe inji, gas na tafiya.» Ya faɗa wa dillalai, ya faɗa wa masu wa'azin siyasa, ya faɗa min ni kaina ina tsakiyar yabon atamfa ga mai saye. Ranar ɗaurin auren 'yata, wani kawunmu ya miƙe yin nasiha, ya ɗauko ta tun daga zuwan kakanninmu Bangi da fataucin goro, rana tana dukan mutane, shinkafa tana hucewa. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai muryar nan ta fito daga sahun baya, a hankali kuma da ladabi, har da «Allah ya ba ka haƙuri, Kawu» a farkonta. Kawu bai ƙara yi masa magana ba sai da aka yi sallah biyu, amma an ci shinkafa da ɗuminta.

Mutumin da ke bin gidaje yana duba tukunyar mutane, shi ne kuma ya saci ta gidansa. Wata rana da damina babbar mota ta iso da fulawa, an kwance tamfol, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen kogi, sai gas ɗin shariyo ya ƙare, kuma babu wata tukunya cikakkiya a magazan. Sule ya hau taksi-moto sai Yakité. Yaya ta ɗora miyar kuɓewa ta shiga wanka, ta fito ta tarar da tukunyar miya a kan murhu, murhu ba wuta, tiyo yana lilo. Ta ɗauka ɓarawo ne, ta tara unguwa. Shi kuwa yana can ya ɗaure tukunyar girki a tsaye da igiyar roba, ya shafe ta da ruwan sabulunsa, motar tana tari tana ja da ƙyar don ba irin abincinta ba ne, amma ta shigar da fulawar kafin ɗigon farko. Da yamma ya dawo da tukunyar a kafaɗa yana fara'a, ya ce mata ta yi alfahari, yau tukunyarta ta ɗaga abin da ƙarti ashirin ba za su ɗaga ba. Yaya ta ajiye masa kwano a rufe. Ya buɗe ya ga ɗanyar kuɓewa tana iyo a ruwan sanyi.

«Ka ci alfahari,» in ji ta.

Ya kuwa ci, don kada a yi asara. Yana ci yana tambayarta ko ta taɓa lura cewa in gas yana fita da ƙarfi bakin tukunya yakan yi ƙanƙara, abu mai kama wuta amma yana haifar da sanyi, ko me ya sa? Ta tashi ta bar masa wurin.

Sai kuma ranar kai kayan ɗakin 'yarsu Ladi, wadda har yau in tsofaffin unguwa suka haɗu sai an tayar da ita. Sule ya ce ba zai ɗauki hayar pus-pus ba alhali ga shariyo tana hutun Lahadi. Ya roƙi Alhaji mai magazan, aka ba shi. Da ya iso ƙofar gida Yaya ta shige ɗaki ta saki labule, ta ce idonta ba zai gan ta ba. Aka jera gado da katifa da kabad da kwanuka a kan falet, aka ɗaure, kaya suka yi tsiri har suka rufe masa gaba. Na ga ya zagaya bayan motar ya dafa ƙarfen da ke wurin yana motsa baki, na ɗauka bisimilla yake yi. To a ƙa'idar aikinsu, in kaya suka tare maka ido, da baya ake tafiya. Haka ya hau, ya murɗa wuya, ya kama hanyar gidan ango da baya da baya. Mata masu rakiya suka rasa inda za su tsaya, gaba ko baya, don ba wanda ya san wanne ne gaban. Masu guɗa suna yi suna dariya, guɗar tana katsewa.

Muna isa kan layin sai gwaggon ango, wata tsohuwa 'yar ƙarama mai kaifin murya, ta fito ta tsaya a tsakiyar hanya. Ta ce ba za ta karɓi kayan da suka zo da baya suna kallon gidan ubansu ba, wannan alama ce amarya ba za ta zauna ba. Sule ya kashe inji. Na zaci zai yi gardama, sai na ji yana tambayarta a ina ta ji wannan, al'adar Katsina ce ko ta Damagaram, kuma kafin a yi mota, in an ɗora kaya a kan jaki, ta yaya ake gane inda kabad yake kallo? Tsohuwa ta ce haka ta tarar, kuma ba ta zo makaranta ba. Da ya ga ba za ta kauce ba ya ce to, za a shiga da gaba.

Abin da gwaggo ba ta sani ba, shariyo da ƙafafun baya take juyawa. Yana murɗa sitiyari gindinta ya yi waje ya share teburin wata mai makala, wato fanke, yara suka samu walima tun kafin a fara biki. Aka sa ni a gefe ina yi masa jagora, ina ta faɗin yeke-yeke, a hankali, shi kuma ba abin da yake gani sai bayan kabad. Na duba ƙasa, na duba gefe, ban duba sama ba. Kan kabad ya ɗauke rumfar kwanon da ke bakin zaure ɗungurungum, ta zauna a kan kayan kamar hula. Sule ya sauke falet a hankali, ya kashe inji, ya sauko ya russuna.

«Gwaggo, ga shi mun shigo da gaba.»

Ladi tana ɗakinta har yau, ta aurar da 'yarta ta fari bara. Rumfar ce dai ba a sake mayarwa ba.

Ba duka shekarun ne na dariya ba, kun sani. Lokacin da gari ya rikice hanya ta rufe, gas ya daina zuwa, aka garƙame magazan, maƙwabta da yawa suka tafi Cadi da Kamaru. Sule ya zauna a gida wata da watanni, ya daina tambaya, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Yaya ce ta fito da kasko ƙofar gida, tana suyar ƙosai da makala a kan gawayi, hayaƙi yana cin idonta. Da wannan kaskon aka ci a gidan, aka ci a gidana, aka ciyar da 'ya'yan mutanen da ba a san inda iyayensu suka faɗa ba. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Wata safiya muna zaune ni da shi muna kallonta tana juya ƙosai, sai ya girgiza kai ya ce, «Kontirfuwa ke nan.» Ta jefo masa matsami, ya kauce, muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ciwonsa na ƙarshe bai daɗe ba. 'Ya'ya mata suka kewaye shi suna kuka, ya buɗe ido ya ce su kashe inji. Ya nemi ruwa, da sunan nan ya kira Yaya, ta ba shi fuskarta a ɗaure. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai na je magazan ɗauko butarsa da dardumarsa, don ko bayan ya daina tuƙi can yake wuni. Na tarar da Gaston, makaniken da suka yi shekaru tare, wanda yanzu shi ke tuƙa motar. Muka gaisa da yaren Sango, ya yi min ta'aziyya idonsa ya kawo ruwa. Har na juya zan tafi sai abin ya faɗo min, na ce, Gaston, don Allah mene ne kontirfuwa? Ya dube ni kamar na tambaye shi mene ne ruwa. Ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan shariyo, ya ɗora tafina a kan wani dunƙulallen ƙarfe da ya cika bayanta tun daga ƙasa har inda tukunya take kwanciya. Ya ce ga shi nan. Ya ce duk abin da yatsu suka ɗauka a gaba, wannan ne ke riƙe da shi a baya. Ba shi da waya, ba shi da sarƙa, ba ya ƙara, ba ya neman mai, shi ya sa ba wanda ke kallonsa, kowa yatsu yake kallo suna hawa sama. Ya ce tun da aka kawo motar nan an sauya mata taya, an sauya sarƙa, an sauya kujera, an buɗe inji ya fi sau nawa, wannan kaɗai ne ba a taɓa taɓawa ba.

Na tsaya riƙe da buta kamar wawa. Shekara da shekaru ina wucewa ta gaban magazan ɗin nan, tambaya ɗaya ta gagare ni, ni da nake zama da sarkin tambaya kullum.

Na garzaya na gaya wa Yaya. Ta saurare ni har na gama, ta ce ni da shi dama bakinmu ɗaya, yanzu don ya mutu nake yi masa kwalliya. Na ce ta zo ta gani. Ta ce tana takaba, kuma ko ba takaba rantsuwarta tana nan. Na ga dai in aka biye wa wannan gidan, sai a tashi kiyama ba a gama ba. Na koma wurin Alhaji mai magazan. Dama ya yi niyyar aiko da buhunan shinkafa don sadakar arba'in, na roƙe shi kada a sa su a pus-pus.

Ranar sadakar da hantsi muna zaune a ƙofar gida muka jiyo ƙarar nan da kowa ya sani. Gaston ya jera buhunan sun yi tsawo, don haka da baya ya shigo layin, kamar yadda aka koya masa. Abin da ya fara isowa bakin zaure shi ne ƙarfen. Ya tsaya daf da dokin ƙofa, inda Yaya take tsaye daga ciki da mayafinta, don ƙarar ta fito da ita ba ta shirya ba. Ba ta taka magazan ba, magazan ne ya zo, rantsuwa ba ta karye ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Ni na zaci za ta juya. Sai na ji ta fara tambayar Gaston da Sango, kuma wallahi da na rufe ido da na ce shi ne. Me ke cikinsa? Gaston ya ce ba komai, ƙarfe ne zalla har ciki. Ba ya lalacewa? Ya ce bai taɓa gani ba.

«In aka cire shi fa?»

«Ba za ta ɗauki komai ba, Mama. Da ta ɗaga sai ta kifa da fuska.»

«Shi ya san haka?»

«Shi ya koya min.»

A gefen dama na ƙarfen akwai wani wuri da fenti ya goge, ya yi sumul yana ƙyalli, faɗinsa kamar tafin hannu. Yaya ta nuna ta ce wannan fa? Gaston ya ce nan yake dafawa kowace safiya kafin ya hau, yana yi masa magana. Ta ce me yake cewa? Gaston ba ya jin Hausa sai 'yan kalmomi, amma wannan ya haddace ta don ya ji ta ya fi a ƙirga. Ya faɗe ta da karyayyen harshensa:

«Sannu da ƙoƙari. Allah ya bar min ke.»

Yaya ta miƙa hannu ta ɗora a wurin, tafinta ya rufe shi.

«Ni kuwa abin da nake samu da safe shi ne, shayi ya yi?» Ta goge ido da bakin mayafi. «Tsohon nan da taurin kai. Taku nawa ne daga bakinsa zuwa kunnena? Audu, ka shaida, na yafe masa. Allah ya yafe mana baki ɗaya.»

Muka ce amin. Duk wannan abin da ake yi motar tana ta kaɗawa a tsaye, Gaston ya manta da ita. Yaya ta ɗago ta dube shi, ta ɗaure fuska.

«Kai kuma kashe inji, gas na tafiya.»

Jikoki yanzu da sunan suke kiranta, kuma tana amsawa.

Allah ya jiƙan Malam Sule, ya haskaka makwancinsa, ya nauyaya masa mizaninsa na alheri. Tambayoyin da ya tafi da su bai samu amsa ba, Allah ya sa ya same su a inda ba a gajiya da mai tambaya. Ita kuma da ya bari, Allah ya ƙara mata lafiya da haƙuri, ya bar mana ita. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.